Kwalbar Mama a Gindin Ayaba

Litinin, 21 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Yau Malama Byera ta buɗe akwatin katakon da take kullewa a ɗakin gwaji. Tun muna aji ɗaya muke ganinsa, ba mu san abin da ke ciki ba. Ashe 'yan gilasai ne sirara, kowanne da ɗan tabo ja a tsakiya kamar an murƙushe sauro. Ta ce jikin mutum saƙa ne, kuma duk yawan gaɓoɓinsa saƙar iri huɗu ce kawai: mai rufi, mai haɗi, tsoka, da jijiya mai kai saƙo. Atugonza, wadda muke zama benci ɗaya, ta raɗa mini cewa ita dai nata jikin iri biyu ne, ciki da baki. Na danne dariya har da hawaye.

Madubin likitanmu guda ɗaya ne, kuma da hasken rana yake aiki. Mu arba'in da shida muka yi layi a bakin taga. Kafin a zo kaina hadari ya rufe, na sa ido na ga duhu. Malama ta tambaye ni ko na gani, na ce na gani. Ban san abin da ya sa na yi ƙarya ba.

Mama ta dawo daga asibitin gunduma. Ta ce ranar Alhamis za su yanki kaɗan daga ƙullutun da ke ƙirjinta na hagu, a aika a duba. Tana tsince wake ta faɗa, ba ta ɗago ba. Sau ɗaya zan rubuta shi a littafin nan. Daga yau sunansa abin.

Laraba, 23 ga Oktoba, bayan an tashi daga makaranta

Rana ta fito, na gani da gaske. Saƙa mai rufi ce. Ƙwayoyin halittar a jere suke kafaɗa da kafaɗa kamar tubalan gini, babu ko ɗan fili a tsakaninsu, kowacce da ɗigo mai duhu a cikinta. Malama ta ce ita ce fatarmu, ita ce ta shafe cikin baki da hanji, kuma daga ita ake yin wuraren da ke fitar da gumi da yawu da nono. Ta ce duk ƙwayoyin a kan wata siririyar tabarma suke zaune, kuma muddin lafiya ce ba sa tsallake ta.

Wata daga baya ta tambaya, to in sun tsallake fa? Malama ta ce wannan darasin 'yan aji shida ne. Ina jin ta kalle ni. Wataƙila ba ta kalle ni ba. Mama ce ke yi mata ɗinki.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da la'asar

An yi. Mama tana kwance, ta ce ba ya ciwo sai in ta ɗaga hannu.

Ban san mu za a ba abin da aka yanko ba. Sista Nyamwiza, nas ɗin asibitin, ta miƙo mini 'yar kwalba mai jan murfi da takarda a ninke. A ciki akwai ruwan magani, fomalin, abin kuma yana kwance a ƙasa, bai fi ƙwayar wake ba, fari-fari. Ta ce a nan babu mai dubawa, sai birnin Mwanza, can ƙetaren tafki, kuma motar asibiti ba za ta je ba sai ƙarshen watan gobe, saboda haka yawancin mutane da kansu suke kaiwa. Ta ce kada a buɗe, kada a sa a firji, kada a bar ruwan ya zube. Na maimaita mata sau biyu, na sake maimaitawa a gida don kowa ya ji. Kawu Mutalemwa, ƙanin Mama, zai zo ranar Litinin ya tafi da ita.

Ga abin da ke rubuce a jikin kwalbar, don na saba kwafe komai: Kokuhabwa Mulokozi, shekara 39, hagu, lamba 417.

Na ajiye ta a kan kabad, bayan hoton Baba. Kaka, mahaifiyar Baba, tana zaune a ƙasa kan ciyawa tana saƙar tabarma. Ta ce, "Likita, ina za a kai wannan?" Haka take kirana tun da na shiga sakandare, don ta tsokane ni. Na ce Mwanza. Hannunta ya tsaya. Ba ta tauna ƙwayar kofinta ba bayan abinci.

Juma'a, 25 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Saƙa mai haɗi. Ita ƙwayoyinta a warwatse suke kamar gidajen ƙauye, tsakaninsu cike da zare. Ƙashi ita ce, guringuntsi ita ce, kitse ita ce, har jini ma, sai dai shi tsakaninsa ruwa ne. Atu ta ce ashe ba ƙiba gare ta ba, haɗin kai ne.

Keken ɗinkin Mama bai yi kuka ba yau. Gidan ya yi faɗi.

Asabar, 26 ga Oktoba, da hantsi

Kaka ta ce in raka ta gonar ayaba mu yanke busassun ganye. Ba ganye muka yanke ba. Ta riƙa bi da ni tana nuna mini da sanda: nan aka binne cibiyar Baba, nan ta Gwaggo, nan tawa. Ta ce har haƙorinta da aka cire mata a Bukoba sai da ta karɓo shi a ƙullin zani. Muka ƙarasa inda aka binne Baba, ta gyara ciyawar da ke kai.

Ta ce, "Naman gidan nan bai taɓa kwana a waje ba. Sau ɗaya na yarda aka ƙetare tafki da nawa."

Na jira ta ƙarasa, ba ta ƙarasa ba. Ni ma ba zan ƙarasa ba. Ina da shekara goma sha ɗaya lokacin, na tuna jirgin ruwan da ya dawo da gawarsa.

Lahadi, 27 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya na rana

Na dawo daga coci, babu kwalbar a bayan hoton.

Lahadi, da magariba

Kaka ba ta je coci ba, ta ce gwiwarta. Mama kuma barci ya ɗauke ta. Na duba ƙarƙashin kabad da gado da buhun masara, alhali na riga na sani. Mama ta taso a hankali, ta durƙusa kamar yadda take yi kullum in za ta yi wa Kaka magana, ta ce, "Mama, ko kin ga kwalbar nan?"

Kaka ta ce, "Tana gida, Koku."

Shi ke nan. Shekara goma sha tara Mama ba ta taɓa ɗaga mata murya ba, kuma ita ma Kaka ba ta da wanda take so kamar Mama. Ita ta dafa mata romon kaza yau, ita ta ba ta da cokali. Na kasa cin nawa.

Litinin, 28 ga Oktoba, da yamma

Kawu ya zo, ya yi faɗa a tsakar gida da bango, tunda ba shi da hurumin yi da Kaka, ya koma. Ya kira Sista a waya. Ta ce za a iya sake yanka, amma sai ciwon ya warke, sannan a sake bin layi. Wata ɗaya da rabi, ko biyu. Ta ce in abin mai hanzari ne, wata biyu da yawa.

Mama ta ce Allah yana nan. Hannunta yana komawa wurin, ba ta sani ba.

Talata, 29 ga Oktoba, da asuba

Na shiga gona kafin kowa ya tashi. Gindin ayaba sun fi ɗari biyu, duk an lulluɓe ƙasa da ciyawa, ga ruwan jiya ya shafe sawu. Na tona wuri uku, na samu tsutsa.

Talata, ƙarfe biyar

Abin da ke damuna shi ne ko ta buɗe. Bayan darasi na tsaya ina goge allon da yake a goge, har kowa ya fita. Na tambayi Malama, a ce an ciro nama daga ruwan magani an sa shi a ƙasa, zai dubu? Ta ce ƙwayoyin za su lalace, saƙar ta warware, mai dubawa ba zai ga komai ba. In kuma yana cikin ruwansa a rufe, ko sati biyu ba abin da zai same shi. Sai ta ajiye allin hannunta ta ce, "Kemilembe, naman wa?"

Ban taɓa kuka a gaban malami ba. Ta rufe ƙofa ta bar ni na gama.

Laraba, 30 ga Oktoba, da magariba

Tsoka iri uku ce. Ta hannu da ƙafa doguwa ce mai ratsi-ratsi kamar atamfa, kuma umarninmu take bi. Ta hanji santsi ce, ba ta tambayar kowa. Ta zuciya tana da ratsi, amma reshe take yi, kowace ƙwaya ta kama ta kusa da ita, don su buga tare. Na daɗe a kan wannan har Atu ta ce in matsa, ba gadona ba ne.

Ina tsaye a wurin tunani ya zo mini. Kaka ba ta yarda da abin da aka faɗa mata, sai abin da ta gani. A zatonta in sun karɓa za su jefa wa karnuka. Na roƙi Malama ta bar ni in kawo ta. Na faɗa mata dalili. Ta ce gobe bayan an tashi, in akwai rana.

A gida ban roƙi Kaka ba, don na san ta. Na ce dai malamarmu ta ce ta fi kowa sanin saƙa a garin nan. Kaka ta ce, "Wace? 'Yar gidan Rwiza? Yarinyar da uwarta ke sayen tabarma a kasuwa?" Ta ce in goge mata takalmanta.

Allah ka yafe mini, Malama ba ta faɗi haka ba.

Alhamis, 31 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na yamma

Zan rubuta duka yadda ya faru.

An yi ruwa har azahar, sannan gari ya washe. Kaka ta shigo ɗakin gwaji da sandarta da zaninta na zuwa coci. Malama ta gaishe ta a durƙushe, ta ce, "Ma Nshekela, sannu da ƙoƙari." Kaka ta ba ta ƙwayar kofi uku kamar ita ce baƙuwar, ta ce a nuna mata saƙar.

Malama ta ba ta tsinke ta kankaro cikin kumatunta, ta shafa a gilashi, ta ɗiga shuɗin ruwa. Kaka ta sa idon da ta rufe a madubin, ta ce babu komai, 'yan boko maƙaryata ne. Na gyara mata. Ta ƙura ido. Ta ce wa ya zubar da sulalla a ciki? Malama ta ce ita ce, ƙwayoyin bakinta ne. Kaka ta ɗago ta dubi tsinken, ta sake komawa. Ta ce ba ta san tana da kyau haka daga ciki ba, da ta sani da ta ƙara wa marigayi sadaki.

Aka sa mata gilashin fata. Nan ta nutsu sosai. Ta ce na saman a jere suke kamar bakin tabarma, na ƙasan kuma zare ne a gicciye, wannan hannu biyu ne suka yi aikin. Ba wanda ya faɗa mata, ita ta raba mai rufi da mai haɗi da idonta. Na ji daɗi har na manta abin da ya kawo mu.

Sai ta tambaya, fatar wa ce? Malama ta ce ba ta sani ba, akwatin ya girme ta, daga wata ƙasa aka kawo. Fuskar Kaka ta canja. Ta ce, "Kin ji ko, Likita? Ɗan wani ne a akwati, ba suna, ba gida. Nan kike so Koku ta ƙare?" Ta ɗauki sandarta.

Na ga komai ya rushe, kuma ni na rusa shi. Ban san lokacin da na tsaya a bakin ƙofa ba. Na ce mata ranar da maman Atu ta kawo tabarma daga kasuwa, kusurwa ɗaya ta duba ta ce wannan ba za ta kai Kirsimeti ba, kuma ba ta kai ba. Na ce su ma kusurwa suke so su gani. Na faɗa mata maganar siririyar tabarma da ƙwayoyin da ke tsallakewa, wadda na karanto a littafin 'yan aji shida ba da izini ba. In ba su tsallake ba, shi ke nan. In sun tsallake, gara a sani da wuri.

Ta ce in kauce. Ban kauce ba. Na ce, "Kaka, ba tafki ne ya ci Baba ba. Shekara guda yana gida ba wanda ya duba."

Ban taɓa faɗar haka ga kowa ba. Malama ta juya tana shirya gilasai. Kaka ta dube ni, sannan ta wuce ta gefena.

Muka kama hanya har muka wuce injin niƙa. Ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ba za a ba Mutalemwa ba, direba ne, zai manta da ita a ƙarƙashin kujera. Ni zan kai. Ke kuma ki karanta mini alluna."

Juma'a, 1 ga Nuwamba, da azahar

Kwalbar a gindin ayabar cibiyar Baba take. Sau biyu na wuce wurin ranar Talata. Ta naɗe ta da ganyen ayaba ta ɗaure da igiya. Na warware. Murfin yana nan a rufe, ruwan yana nan, abin yana kwance. Na ce ashe ba ki buɗe ba. Ta ce, "Sau nawa kika faɗa kada a buɗe? Ni kurma ce?"

Amma takardar jikin kwalbar ta jiƙe ta zama kamar fate, ba a ganin ko harafi ɗaya. Sista Nyamwiza ta ce kwalbar da ba ta da suna ba ta kowa ba ce, a Mwanza ba za su karɓa ba, kuma ita ba ta liƙa suna a kan abin da ba ta tabbatar ba. Ta yi faɗa sosai, tana kallona don kada ta kalli Kaka. Sai na buɗe mata littafin nan, shafin ranar Alhamis, na rufe sauran da hannu. Ta duba nata babban littafin, ta duba takardar da ke wurin Mama, ta juya jan murfin zuwa haske ta ga sauran biron da ta sa a kai: 17, huɗun ya goge. Ta sake rubutawa, ta naɗe da salatif har zagaye uku.

Ta ce in na gama makaranta in zo, tana neman mai kwafe komai.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, a cikin jirgin fito na Busisi

Tun asuba muke cikin bas. Kaka ta ƙi babban jirgin ruwa, kuma ban tambaye ta dalili ba. Kwalbar tana cinyarta a cikin kwando, ta ƙi ajiyewa ko da muka sauka cin abinci. Yaron mota ya ce Kaka zuma ce a kwandon, a sammana? Ta ce surukarta ce. Bai sake zuwa wajenmu ba.

Ba ta san ko ta mota sai an ƙetare ruwa a nan ba. Ban faɗa mata ba. Yanzu tana zaune idonta a rufe, hannu ɗaya a kan kwando, ɗaya ya kama tsintsiyar hannuna, shi ya sa rubutuna ya karkace.

Litinin, 4 ga Nuwamba, da la'asar, gidan Kawu a Mwanza

An karɓa. Mutumin da ke tagar ɗakin gwajin, Malam Masanja, ya miƙo hannu, Kaka ta ƙi saki. Ta ce sai ta ga inda zai kwana. Mutane suna layi a bayanmu, na so ƙasa ta tsage. Shi kuwa ya yi dariya ya ce, "Kaka, shekara ashirin ina nan ba wanda ya taɓa neman ganin masauki. Ku jira ni ƙarfe ɗaya."

Bai shigar da mu ciki ba, ta ƙofa ya nuna mana. Ya ce za a tsame abin, a janye ruwan jikinsa, a zuba shi cikin kakin kyandir ya daskare. Sannan a yanka da wata na'ura, siriri fiye da ɓawon albasa, a ɗora a gilashi, a rina shi ja da shuɗi, likita ya karanta. Ya jawo aljihun wani kabad, ga 'yan dunƙulen kaki a jere, kowanne da lamba, kowace lamba da sunanta a littafi. Ya ce shekaru suke yi a nan, ba a yar da su.

Kaka ta sa na karanta mata lambobi biyar, shi kuma ya nemo su a littafi ya nuna da yatsa cewa akwai suna a gaban kowace. Ta ce to, amma gida fa? Ya yi tunani. Ya ce dunƙule ɗaya yana ba da gilashi da yawa. In likita ya yarda, kuma mai jikin ta yarda, zai yanko ɗaya na daban ya haɗa da sakamako. Sati uku.

Ta saki kwalbar. Ta ba shi kofi uku, ta ce ya tauna, ba haɗiyewa ake yi ba.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Mun dawo. Ramin yana nan a buɗe, Kaka ta hana a rufe.

Talata, 12 ga Nuwamba, da yamma

Jijiya mai kai saƙo. Ƙwayarta kamar bishiyar da aka tumɓuke, saiwoyi gajeru a kai, wutsiya ɗaya doguwa. Malama ta ce akwai wadda ke tashi daga ƙugu har babban ɗan yatsan ƙafa, ƙwaya ɗaya tal. Saƙo yana bi cikinta kafin ƙiftawar ido. Daga Mwanza kuwa sati uku.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Ba labari. Keken bai yi kuka ba.

Talata, 19 ga Nuwamba, da magariba

Fara ta sauka, gari duk ƙamshin suya. Kaka har yau ba ta ci, wai a zamaninsu mata ba sa ci, amma ita ta fige wa Mama kwano guda tana mita. Mama ta ci, ta yi dariya a kan wani abu da ban ji ba. An cire mata zare, wurin ya haɗe. Saƙa mai haɗi ce ta yi wannan, na so in faɗa mata, sai na ji kunya.

Na ci goma sha tara bisa ashirin a gwaji. Na manta guringuntsi.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Ba labari. Duk sanda waya ta yi ƙara, mu uku muke kallon wuri daban-daban.

Litinin, 25 ga Nuwamba, ƙarfe shida

Sista ta kira. Gobe da safe. Ba ta faɗi komai a waya ba, an ce haka suke yi ko da mai kyau ne. An ce.

Talata, 26 ga Nuwamba, da rana

Ba cutar kansa ba ce.

Na rubuta kalmar. Ga ta nan, ƙarama ce.

Likitan ya ce ƙullutun saƙa iri biyu ne suka yi yawa wuri ɗaya, mai rufi da mai haɗi, amma komai a jere yake, a ƙulle cikin jakarsa. Za a cire sauran bayan sabuwar shekara tunda yana damunta, aikin yini ɗaya. Mama ta ce Alhamdu, sannan ta ce na gode wa Yesu, sannan ta rufe fuska da mayafi. Kaka ba ta gane bayaninsa ba, ta juyo ta ce, "Likita, fassara." Likitan ya buɗe baki, ta ce ba shi ba.

Na ce ba su tsallake tabarma ba.

Ta ce, "To." Ta ciro kofi ta jefa a baki.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Malam Masanja ya cika alkawari. Gilashin yana cikin ambulan, a naɗe da auduga, lamba 417. Jiya Kaka ta ɗauke shi ta nufi ramin. Na bi ta, ban ce komai ba, na riga na yi maganar shekara guda a wata ɗaya. Ta ɗaga shi sama tana kallon ɗan jan tabon a rana. Ta tambaye ni ko a akwatin 'yar Rwiza akwai irinsa. Na ce babu. Ta tambaya ko akwai mai suna ko ɗaya. Na ce babu.

Ta koma ta tambayi Mama. Mama ta ce ita dai a kai, tunda ba ta yi sakandare ba gara wani ɓangare nata ya yi.

Yau na kai. Malama ta rufe sunan da yatsa, amma kowa ya sani. Na gani kafin kowa: zare ja mai yawa, a tsakiyarsa 'yan hanyoyi shuɗaye, ƙwayoyi a jere a bakinsu kamar 'yan makaranta a taron safe. Atu ta duba, ta ce Mama ta fi ni tsari.

A ramin Kaka ta dasa ɗan ayaba. Sharaɗinta ɗaya ne, kuma ta sa Malama ta maimaita shi sau biyu a waya: gilashin ya je makaranta da safe, amma a gida zai kwana. Shi ya sa nake tafe da shi a aljihun riga, a cikin babban kwalin ashana. Tun daga injin niƙa nake jin keken Mama, kuma Kaka tana bakin ƙofa da hannu a miƙe.